Yadda ake koyar da Turancin likitanci mai zurfi ga ɗaliban harhaɗa magunguna a jami'a

Ɗalibin da ya kai aji huɗu a tsangayar harhaɗa magunguna ya ci Turanci a WAEC ko NECO, ya ci a JAMB, ya kuma haye kwas ɗin Turancin gama-gari na shekarar farko. Ka tambaye shi ma'anar "bioavailability", zai zubo maka ita tiryan-tiryan ba tuntuɓe. Amma ka zaro takardar da ke cikin kwalin maganin hawan jini ka miƙa masa, ka ce ya gaya maka ko mai ciki wata biyar za ta iya sha, sai ka ga ya fara kame-kame. Hadda ce take rufe wannan rauni, kuma jarrabawar rubutu ba ta cika tona shi ba.

Ni malamin Turanci ne, kuma a shekarun da na yi ina ɗaukar wannan kwas ma'auni ɗaya na riƙe. Ina yarda ɗalibi ya fahimci jimla ne idan zai iya faɗar ta sau uku: da Turancin ƙwararru ga likita, da sassauƙan Turanci ga wanda ya yi boko amma bai karanci lafiya ba, sannan da Hausa ga dattijuwar da ke tsaye a bakin tagar famasi. Matakan da ke tafe duk a kan wannan ma'aunin aka gina su, kuma na tsara su ne don kwas mai awa biyu a mako, na tsawon mako 15.

Mataki na farko: ka je famasi kafin ka shiga aji

Kada ka fara da littafi. Ka nemi malami ɗaya daga cikin masana harhaɗa magunguna, musamman na sashen kula da majinyata, ku yi kwas ɗin tare: kai ka riƙe harshe, shi ya riƙe ilimin magani. Wannan tilas ne, domin ranar da ɗalibi zai tambaye ka dalilin rage wa mai ciwon ƙoda adadin magani, amsar ba a bakinka ya kamata ta fito ba.

Daga nan ka nemi izini ka zauna a famasin asibitin koyarwa ko da na yini biyu ne, ka saurari abin da ake faɗa, ka ga abin da ake karantawa. Ka tara kayan aikinka daga can: kwafin takardun magani da aka goge sunan majinyaci da lambar katinsa da sunan likita, takardun cikin kwali, shafuka daga littattafan bayanin magunguna, wato BNF na Birtaniya da EMDEX da ake amfani da shi a Najeriya, fom ɗin NAFDAC mai ruwan ɗorawa na kai rahoton illar magani, da taƙaitattun bayanan bincike daga PubMed, waɗanda kyauta ne.

A makon farko ka yi gwaji marar maki. Takardar magani ɗaya, sakin layi ɗaya daga takardar kwali, da minti biyu na magana. Abin da ka gani a nan shi zai gaya maka inda za ka daɗe.

Mataki na biyu: kalmomi, kuma iri uku ne

Iri na farko su ne masu tushen Girkanci da Latin. Kada ka ba da jerin kalmomi ɗari biyar a haddace. Ka koyar da yadda ake fasa kalma. "Hyperkalaemia" gaɓa uku ce: "hyper" yawa, "kal" daga kalium wato sinadarin fotasiyam, "aemia" a cikin jini. "Thrombocytopenia" ma uku ce: gudan jini, ƙwayar halitta, ƙaranci. Wanda ya iya fasa waɗannan biyu zai fasa "hyponatraemia" da "neutropenia" ko bai taɓa ganin su ba. Ka nuna musu cewa ƙoda suna biyu gare ta, "nephro" na Girkanci da "ren" na Latin, shi ya sa ake cewa "nephrotoxic" amma a ce "renal failure". Mako biyu sun isa, muddin kowane darasi za a buɗe shi da fasa sababbin kalmomi biyar.

Iri na biyu, sunayen magunguna, nan ne ɗalibai suka fi jin daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke ba magani sunansa na bai-ɗaya, wanda ake kira INN, kuma jerin farko ya fito a 1953. A cikin sunan akwai gaɓar da ke nuna dangin maganin: "-olol" kamar atenolol da propranolol, "-pril" kamar lisinopril, "-sartan" kamar losartan, "-dipine" kamar amlodipine, "cef-" kamar ceftriaxone, "arte-" kamar artemether da artesunate. Da zarar sun fara murna sun gano sirri, sai ka kawo musu tarko. Ka rubuta a allo: fluconazole, metronidazole, albendazole, omeprazole, carbimazole. Duka biyar da "-azole" suka ƙare, amma na farko na cututtukan fangas ne, na biyu na wasu ƙwayoyin bakteriya da amiba, na uku na tsutsar ciki, na huɗu na olsa, na biyar na yawan aikin ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod. Ainihin gaɓoɓin sun fi tsawo: "-conazole", "-nidazole", "-bendazole", "-prazole". Ka ƙara da nystatin, wanda ya ƙare da "-statin" alhali ba ruwansa da kitsen jini, da aripiprazole, wanda maganin taɓin hankali ne ba na olsa ba. Darasin da nake so ya zauna shi ne gaɓar suna tana ba da hasashe, littafin magunguna ke tabbatarwa.

A nan ne kuma wurin bambancin Ingila da Amurka. Mu paracetamol muka sani, mujallar Amurka za ta ce acetaminophen. Salbutamol a can albuterol ne, glibenclamide glyburide ne, pethidine meperidine ne, adrenaline epinephrine ne. Ɗalibin da bai san haka ba zai nemi bincike a intanet ya rasa rabinsa. Haka rubutun "anaemia" da "anemia", "oedema" da "edema": ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai.

Iri na uku shi ne mafi haɗari, kuma shi aka fi sakaci da shi: kalmomin yau da kullum da suka sauya ma'ana a asibiti. Ɗalibi ba ya duba su a ƙamus domin yana ganin ya san su. "Discharge" sallama ce daga asibiti, kuma ruwa ne da ke fita daga jiki. "Negative" a sakamakon gwaji sau da yawa albishir ne. "Unremarkable" na nufin ba a ga matsala ba. "Vehicle" abin da aka narkar da magani a ciki ne. Ka daɗe a kan "withhold", "discontinue" da "taper": na farko a dakata na ɗan lokaci, na biyu a daina, na uku a riƙa ragewa sannu a hankali. Majinyacin da ya daɗe yana shan prednisolone, idan aka karanta masa "taper" a matsayin "discontinue", an jefa shi cikin haɗari. Don kalmomin rubutun ilimi irin su "assess", "derive" da "subsequent", jerin da Averil Coxhead ta fitar a 2000, mai dangin kalmomi 570, ya isa a ba ɗalibai su bi da kansu.

Mataki na uku: gajerun rubutu da lambobi

Ka kawo takardar magani ta gaske: "Tabs PCM 1g tds x 3/7". Ma'anarta ƙwayoyin paracetamol, giram ɗaya sau uku a rana har kwana uku. Ɗalibi ya karanta ta da cikakken Turanci, sannan da Hausa. Ka bi da su ta od, bd, tds, qds (sau ɗaya, biyu, uku, huɗu a rana), nocte (da dare), mane (da safe), prn (idan an buƙata) da stat (nan take), da salon nan namu na rubuta kwana uku 3/7, mako biyu 2/52, wata uku 3/12. Ka faɗa musu cewa od da muke karantawa sau ɗaya a rana, a takardar Amurka OD idon dama ne, kuma inda muke rubuta bd, tds, qds su bid, tid, qid suke rubutawa.

Sai ka koya musu abin da ba a rubutawa. Tun 2004 hukumar Joint Commission mai tantance asibitocin Amurka ta wajabta jerin gajerun rubutun da ta hana. Harafin U a madadin "units" yakan yi kama da sifili, sai 10U na insulin ya koma 100. QD (kullum) da QOD (rana bayan rana) sukan rikiɗe wa mai karatu. Idan ɗigo ya ɓace, ".5 mg" ya zama 5, "5.0 mg" ya zama 50, don haka 0.5 mg ake rubutawa da 5 mg. Kalmar "micrograms" a rubuta ta cikakkiya. Ka sa su juya digoxin 125 micrograms zuwa 0.125 mg da baki, su dawo da shi, har sai ya daina yi musu nauyi. Idan a ajinka akwai ɗalibai daga Nijar ko Chadi da suka yi sakandare da Faransanci, ka tsaya a kan waƙafi: a wurinsu 1,500 ɗaya da rabi ne, a Turanci dubu ɗaya da ɗari biyar.

Ka nuna musu kuma dabarar manyan haruffa a tsakiyar sunayen da suka yi kama, kamar chlorproMAZINE da chlorproPAMIDE, ko hydrALAZINE da hydrOXYzine. Atisayen da na fi so a nan shi ne shifta: ɗalibi ɗaya ya juya baya yana karanta takardar magani, ɗayan yana rubutawa, sannan ya maimaita abin da ya rubuta da ƙarfi.

Mataki na huɗu: takardar bayanin magani

Ga inda zuciyar kwas ɗin take, kuma nakan ba shi mako uku cur. Takardar da kamfani ke rubuta wa ƙwararru a Turai da Birtaniya, wadda ake kira SmPC, tsarinta ɗaya ne ga kowane magani. Sashe na 4.1 cututtukan da ake ba da shi dominsu, 4.2 adadi da yadda ake sha, 4.3 waɗanda aka hana wa, 4.4 gargaɗi, 4.5 karo da wasu magunguna, 4.6 ciki da shayarwa, 4.8 illoli, 4.9 shan fiye da kima, 5.2 tafiyar magani a jiki. Ka fara da tsere: tambaya ɗaya, minti ɗaya, wa zai fara gano sashen da amsar take. A bakin aiki ba wanda ke karanta shafi goma sha biyu daga farko.

Bayan sun san hanya, sai ka shiga matakan hani, domin Turancin wannan takarda hawa-hawa ne. "Contraindicated" an hana kwata-kwata. "Not recommended" ba a so, amma ƙofar ba a kulle take ba. "Use with caution" a bayar ana sa ido. "Only if the benefit outweighs the risk" likita ya auna amfani da illa. Takardar lisinopril, maganin hawan jini, misali ce mai kyau: a watanni ukun farko na ciki ta ce "not recommended", daga wata na huɗu zuwa haihuwa ta ce "contraindicated". Amsar tambayar mai ciki wata biyar ke nan, kuma ɗalibin da ya ɗauki kalmomin biyu abu ɗaya ne bai karanta takardar ba, ko da ya furta kowane harafi daidai.

Haka kalmomin yawan aukuwar illa, kowace da lissafinta. "Very common" mutum 1 cikin 10 ko fiye. "Common" daga 1 cikin 100 zuwa ƙasa da 1 cikin 10. "Uncommon" daga 1 cikin 1,000 zuwa ƙasa da 1 cikin 100. "Rare" daga 1 cikin 10,000 zuwa ƙasa da 1 cikin 1,000. "Very rare" ƙasa da 1 cikin 10,000. Na sha jin ɗalibi ya fassara "common" da cewa "yawancin mutane na samun haka". Tari a lisinopril "common" ne, wato a cikin mutum goma, fiye da tara ba za su yi ba. Ɓacin ciki a metformin kuwa "very common" ne. Ka sa kowa ya faɗi waɗannan da Hausa ta yadda mai ciwon suga ba zai tsorata ya ajiye maganinsa ba, kuma ba a ɓoye masa gaskiya ba. Wannan aiki ne mai wuya, kuma ina ganin babu awar da ta fi shi amfani a duk zangon.

Mataki na biyar: karanta bincike

Ka tsaya a taƙaitaccen bayanin da ke saman maƙala kafin a taɓa cikakkiyarta. Tambayoyi huɗu kawai: su wa aka gwada, me aka ba su, da me aka kwatanta, me aka auna. Sannan a ja layi a ƙarƙashin kalmomin taka-tsantsan: "may", "suggests", "appears to", "was associated with". Ɗalibanmu sukan haɗiye waɗannan, su rubuta "causes" a inda marubuci ya ce "was associated with". Hausa ma tana da nata, ai: "mai yiwuwa", "da alama", "an ga suna tafiya tare". Idan ka sa su fassara jimlar, nan take za ka ga wanda ya zubar da shakkar da mai bincike ya bari da gangan.

"Significant" na buƙatar darasinta ita kaɗai. A lissafin bincike tana nufin da wuya a ga irin wannan bambanci bisa dace kawai, ba ta ce bambancin babba ne ba. Ka ƙirƙiri misali na aji: a cikin mutum 100 da ba su sha magani ba, 2 suka kamu; a cikin 100 da suka sha, 1 ya kamu. Ana iya cewa haɗari ya ragu da kashi 50 cikin ɗari, ana kuma iya cewa sai mutum 100 sun sha kafin a kare mutum 1. Duka gaskiya ne. Wakilin kamfanin magani jimlar farko zai kawo, kuma ɗalibinka ne zai tambaye shi ta biyu.

Mataki na shida: magana

Kashi biyu ce. Na farko kiran likita. An tarbiyyantar da yaranmu a kan jin nauyin na gaba, abu mai kyau, amma a waya yakan sa ɗalibi ya yi ta gaisuwa da ban-haƙuri har a kashe bai faɗi matsalar ba. Wani kuma, don ƙarancin kalmomi, sai ya ce "You made a mistake", a ɓata. Tsarin SBAR yana magance duka biyu: halin da ake ciki, tarihin majinyaci, abin da ka hango, shawararka. Ka ba su labari: mace tana shan warfarin, maganin hana jini yin guda, wanda ake auna aikinsa da gwajin INR, an rubuta mata metronidazole. Bayan gaisuwa ɗaya, ɗalibi ya ce: "I'm calling about a prescription for metronidazole. The patient is on warfarin. I'm concerned her INR may rise and she could bleed. Would you consider an alternative, or closer monitoring?" Su yi ta maimaita "I'm concerned that" da "Would you consider" har su zama nasu. Akwai ladabi a ciki, kuma maganar ta isa inda aka aike ta.

Ta fuskar furuci, ba na ɓata lokaci wajen mayar da kowa Bature. Abin da zai sauya ma'ana kaɗai nake bi: "fifteen" da "fifty", inda a waya ake cewa "one five" ko "five zero", "hypo" da "hyper", "dysphagia" da "dysphasia", da p da f da bakin Bahaushe ke haɗawa. Saƙon murya na minti ɗaya ta WhatsApp kowane mako ya wadatar, ko da aji ya cika maƙil.

Kashi na biyu bayani ga majinyaci. Ka raba su uku-uku: mai ba da magani, majinyaci, da mai saurare riƙe da takardar Turancin yana duba abin da aka zubar. Ga abin da nake so in ji idan an ba da maganin zazzaɓin cizon sauro artemether-lumefantrine 80/480 ga babba:

"Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ƙwaya shida ce. Ki sha ɗaya yanzu, ki ƙara ɗaya bayan awa takwas. Gobe da jibi, ɗaya da safe ɗaya da dare. Ki riƙa sha bayan kin ci abinci mai maiƙo ko kin sha madara. Ko zazzaɓin ya sauka gobe, ki shanye duka. Don in tabbatar ban manta komai ba, Hajiya, ki ɗan maimaita mini yadda za ki sha."

Jimlar ƙarshen nan ka nace a kanta. Idan aka ce "Kin gane?", amsar kullum "Na gane" ce, don kunya. Ka tayar da maganar cokali ma: 5 ml ake nufi da ƙaramin cokali, cokulan gida kuwa ba girmansu ɗaya ba, don haka a nuna murfin awo ko sirinji. Ka tayar da maganar azumi, yadda za a yi da maganin sau uku a rana a watan Ramadan, ka bar abokin aikinka ya ba da amsa. Sannan a juya fassarar ta ɗaya gefen: majinyaci ya ce yana fama da "sanyi", ko "basir", ko "shawara". "Sanyi" kaɗai na iya zama mura, ko ciwon gaɓoɓi, ko ciwon mara da fitar ruwa. Ɗalibi ya koyi tambayoyin da zai yi kafin ya rubuta kalmar Turanci ɗaya a fayil. Wanda ba ya jin Hausa ya yi da Fulatanci, Barbarci, Yarbanci ko Turancin buroka, a haɗa shi da mai jin harshen.

Mataki na bakwai: rubutu

Gajere kuma na aiki. Bayanin majinyaci a tsarin SOAP (abin da majinyaci ya faɗa, abin da aka gani, abin da ka hango, matakin da za a ɗauka), amsar tambayar likita a rabin shafi, da cike fom ɗin NAFDAC daga labarin da ka karanta musu. A fom ɗin ka duba jerin lokaci: yaushe aka fara magani, yaushe illa ta bayyana, me ya faru da aka daina. A nan ne "had been taking" da "was started on" suke samun amfani, kuma a nan kaɗai nake koyar da nahawu kai tsaye. A yi rubutun a cikin aji, da hannu, don ka san na ɗalibin ne.

Mataki na takwas: jarrabawa

Idan takarda kaɗai ka ba su a ƙarshe, hadda za ta dawo. Ka ari tsarin OSCE, wanda Ronald Harden da abokan aikinsa suka bayyana a 1975 daga Dundee ta Sukotland, inda ɗalibi ke zagaya tashoshi yana yin aiki a gaban mai dubawa. Tasha huɗu ta minti biyar-biyar sun ishe ni: karanta takardar magani da gano kuskuren da aka dasa a ciki, nemo amsa a SmPC, kiran likita, da bayani ga majinyaci. Ɗaliban aji na gaba sukan yi farin cikin zama majinyata.

Ku zauna ku biyu wajen ba da maki, kai da abokin aikinka, kowa da takardarsa. Kai kana duba tsabtar magana, tsari da ladabi; shi yana duba ingancin bayani. Ku sanar da ɗalibai tun makon farko cewa kuskuren nahawu maki kaɗan yake ci, amma wanda ya faɗi adadin magani ba daidai ba, ko ya tsallake abin da aka hana, ya faɗi wannan tashar ko da Turancinsa ya fi na kowa daɗi, kuma zai sake ta bayan mako ɗaya da wata takardar magani daban.